Rasuwar Giwan Ruwa, Injin Jirgin Mashigin Fakku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba, ni Ɗanmaliki mai fito a mashigin Fakku nika sanar da jama'ar Kebbe da Tambuwal rasuwar injin jirgina, wanda anka fi sani da Giwan Ruwa. Ya cika a tsakiyar gulbi, ranar kasuwa, da hantsi, shina ɗauke da buhunan gero da matan Fulani da ƙoren nononsu.

Marigayin asalinsa injin mota ne, amma tun da anka ɗora shi bisa jirgi bai taɓa yin kewar kwalta ba. Ba ya da gaggawa, ba ya da raki. Ja guda shika tashi, ya ce "gudun-gudun-gudun" cikin natsuwa, har masu wanki a bakin gaɓa sun san muryarsa. Ya ƙetare da amare, ya ƙetare da masu naƙuda zuwa asibiti, ya taɓa jan bijimi biyu a cikar ruwan Agusta bai yi tari ba. A dalilinsa ne Sarkin Ruwa ya ba ni layin farko na ranar kasuwa, layin da gidana ke ci da shi.

Ciwon ajalinsa ba wani babba ba ne. Kamshaf ɗinsa ne ya cinye, wato sandar ƙarfen nan mai ƙulu-ƙulu da ke buɗe wa inji numfashi tana rufewa. Na kai shi Tambuwal wurin Ɗan'iya bakanike, na ce a sa masa irin nasa na asali. Ɗan'iya, mutumin da ko tafki bai taɓa tuƙa jirgi ba, ya ga shi ya fi ni sanin abin da jirgi ke so. Ya ɗauko kamshaf na motocin samari masu tsere ya cusa masa, ya ɗaure, ya rantse mini wai yanzu jirgina zai riga iska. Wa ya gaya masa tsere nika yi? Gero nika ɗauka, bawan Allah. Jirgin fito ƙarfin ja shika so tun daga ƙasa, ba ihu a sama ba.

Tun daga ranar muryar marigayin ta sake. In an sassauta masa wuta sai ya riƙa "fat... fat-fat... fat" kamar tsoho mai asma. Ashe wannan kamshaf barin ƙofofin numfashi shika yi a buɗe fiye da ƙima, ruwan sanyaya inji da ke fita ta salansa, wato bututun hayaƙi, sai ya riƙa komowa ciki. Injin da ya shekara da shekaru bisa ruwa bai kurɓa ba, Ɗan'iya ya shayar da shi. Kalmarsa ta ƙarshe "ƙwas" ce, daga nan shiru. Igiyar ruwa ta ja mu har ƙasan mashigi, nono ya zube cikin gero, mata na salati, kuma Bube, wanda jirginsa ko rabin nawa bai kai ba, shi ya zo ya janyo mu da igiya gaban kowa. Kafin la'asar Sarkin Ruwa ya ba Bube layina.

Ya rasu ya bar farfela marainiya, da tankin mai, da jarka biyu, da jirgin katako da ke yawan wuni ɗaure gindin giyayya yara na tsalle bisa kansa. Ya bar ni da gora da filafili, ina fiton masu kekuna da awaki da ƙarfin kafaɗa.

Masu cewa in yi haƙuri, na gode, Allah Ya ba da lada. Na yarda da ƙaddara. Ɗan'iya ne ban yafe wa ba.

Liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, don haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Za a ɗauki gawar a amalanken shanu ranar kasuwar Tambuwal, a bi da ita ta tasha a hankali don direbobi su gani, a sauke ta ƙofar garejin Ɗan'iya. Nan za a zauna karɓar gaisuwa, kuma duk wanda ya kawo mota gyara zan tashi in buɗe masa fuskar mamaci.

Kamshaf ɗin kuwa ba za a binne shi ba, shina cikin jirgina. Kowa ya san Ɗan'iya na neman auren wata yarinya Humaira a ƙetaren gulbi, kuma Bube ba ya fito ranar Juma'a, ranar da Ɗan'iya ka zuwa zance. Ni zan ɗauke shi, kyauta. In munka kai daidai inda marigayin ya cika, zan aje filafili in miƙa masa sandarsa ta tsere, ya tuƙa mu da ita.