Ranar da Na Yi wa Filin Ƙwallo Ban-Ruwa da Kwamfuta

Shekarar da na sayi kyamarar bidiyo, ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa a Kura. Da shugaban wata sakandare ya kira ni in ɗauki wasan ƙarshe tsakanin masu rawayar riga da masu koriya, sai na ce, "Ranka ya daɗe, in na gama sai ka rantse a Turai aka buga."

Masu rawaya suka ci, karon farko a tarihinsu, har malaminsu ya yi hawaye.

Da na zauna tace hoton a kwamfuta, sai filin ya ba ni kunya, ƙasa ce zalla, ko abin da akuya za ta tsinka babu. Na yi ta ƙara launin kore ina yaba wa kaina, har ya koma kamar gonar shinkafa. Ƙasa kawai nake kallo, ban dubi mutane ba.

Ranar nunawa ɗakin taro ya cika maƙil. Da na kunna bidiyon, sai ga 'yan wasa kaf a koriyar riga. Masu koriya suka ɓarke da ihu, "Ga shaida! Mu muka ɗau kofi!" Shugaban ya ga fuskarsa kamar miyar kuka, ya juyo a hankali ya ce, "Malam, rashin lafiya na yi ran nan ban sani ba?"

Har yau, da ruwan kanal ya ɗauke, sai manoman Bunkure su tare ni: "Mai kwamfuta, tumatirina ya yi yaushi, yaushe za ka zo ban-ruwa?"