Sau Uku Ana Sayar da Gidana Ina Ciki

Jiya da hantsi ina shanya sai ga wani mai tumbi ya shigo ba sallama, da igiyar awo a hannu, ya hau auna falona. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Iya, yaushe za ki kwashe? Nan zan sa kujeru."

Shi ne na uku. Na farko mai kemis ne. Na biyu direban tanka, wanda har ya zaɓi inda zai ɗaure karensa, wai gindin lemon da marigayi maigidana ya dasa da hannunsa.

Ga yadda aka yi. Bara ofishin filaye ya turo mai fenti ya sa wa gidajen layinmu lamba. Gwanin ya fara ƙirga daga bakin titi, ya lissafa rumfar mai walda a matsayin gida. Shi ke nan kowa ya gusa gaba da ɗaya. Na kwana a lamba takwas na tashi a tara. Tara kuwa a takardunsu kangon da ke jikin gidana ne, wanda magada suka sa a kasuwa, ba rufi, ba kowa sai awakin unguwa. Dillali ya nuna wa mutum takarda, mutum ya zo ya ga tara a ƙyaurena, ya hango lemo, ya saya jiki na rawa. In na kore shi da muciya, sai ya lallaɓa ya sayar wa wani.

Mai tumbi na fita jiyan, na yafa mayafi na tafi ofishin filaye. Na tarar da shugaban ofishin, Mai Girma Uban Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, yana ɓare gyaɗa a kan fayil.

Ya ce, "Iya, a rubuce gidanki takwas ne. Koma takwas."

Na ce, "Takwas yanzu tela ne a ciki da 'ya'ya bakwai."

"To tela ya koma bakwai."

"Mai walda fa?"

"Shi ai ya yi gida, ki taya shi murna."

Na ce ban yi boko ba, amma na san ɗakin da na haifi 'ya'yana, a zo a goge min wannan tara. Ya dafe ƙirji. "Lambar hukuma? Wanda ya goge sai kotu! Za mu kafa kwamiti." Ya miƙo min gyaɗa. Ban karɓa ba.

A hanya na tsaya wurin mai walda ina zazzaga masa, tunda rumfarsa ce ta ja min. Ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Iya, gogewa aka hana. An hana ɗaukewa?"

Kafin azahar ya cire ƙyaurena ya kafa wa kango, ya kafa min na kangon. Lambar hukuma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Yau mai tumbi ya dawo da motar kujeru, ya bi tara tiryan-tiryan, ya buɗe, akuya ta yi masa maraba. Har yanzu ina jiyo shi yana neman dillali.

Ni yanzu goma ce a ƙofata. Goma kuwa, in ji tela, a takarda gidan surukin Uban Hatimi ne. To dillali, bismilla, ga gida nan, sayar mu gani.