Rasuwar Baƙuwa, Na'urar da Ba Ta Gama Buɗe Murya Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Tijjani Muntari na Challawa, tsohon ma'aikacin masaƙa, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urata ta sauraron kiɗa, wadda aka fi sani a gidanmu da Baƙuwa. Ta rasu ranar Juma'ar da ta gabata, ana tsaka da huɗuba, a kan teburinta na falo, bayan rashin lafiyar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Allah ne ya ba mu ita, kuma bai nufa za ta daɗe a hannunmu ba.

Ga waɗanda ba su samu ganinta da rai ba, marigayiyar akwatin ƙarfe ce mai launin azurfa, da nauyi kamar bulo. Ba ta cin kaset, ba ta cin faifai. Filashi ake soka mata, ita kuma ta ɗauko waƙar da aka adana a ciki, ta wanke ta tas, ta miƙa wa lasifika. An haife ta a ƙasar waje. Wani injiniya a Bompai ne ya yi odarta, aiki ya tashe shi ko kwalinta bai buɗe ba, ta faɗa shagon Ashafa mai kayan sauti, inda na gan ta na sayar da babur ɗina na ɗauko ta. Matata Safiyatu ce ta raɗa mata suna, ganin an kawar da talabijin an ba ta wurinsa, an kuma hana kowa ajiye kofin shayi kusa da ita.

Na san ana ta maganata a majalisa, wai tsoho ya bar babur ya koma tafiyar ƙasa saboda kiɗa. Na yafe wa kowa, amma a ji dalilina. Na yi ƙuruciyata da rabin tsufana a tsakanin injinan saƙa, inda ko sunanka aka kira sai dai ka gani a leɓe. Na bar aiki da wani kuka a kunne kamar na gyare, wanda ba ya hutawa. Likita ya gwada ni ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana ɗaure kaya. Bai ce yaushe ba. Abu ɗaya nake so in ji sosai kafin lokacin: garayar mahaifina, Malam Muntari, da wani ya ɗauka a kaset wajen gayyar noma, tun filin da masana'antu suke kai yanzu yana gonar dawa. Na sa an juye min kaset ɗin a filashi, amma a rediyo da waya ba abin da nake samu sai shuuu, da wata tsirkiya can nesa.

Ina shaida wa marigayiya cewa ba ta da hayaniya. Idan aka kunna ta, ƙyat ɗaya take yi, sannan ta yi tsit har a ba ta aiki. Ranar farko muryarta a ɗaure take kamar sabon takalmi, amma duk da haka na sa wata waƙar da na sani tun ina saurayi, sai na tarar ashe kalangu biyu ne a ciki, ɗaya yana ɓoye a bayan ɗan uwansa shekara da shekaru. Na ji mawaƙin yana haɗiye yawu kafin ya ɗauki baiti. Na ji wani cikin 'yan amshi ya makara, ya shigo a guje. Da aka zo wurin tafi, Safiyatu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Baban Mubina, su wa ka tara a falo ba ka faɗa min in ƙara abinci ba?"

Ba ta dukan ƙirji irin na lasifikar gidan biki, ba ta tsawa, ba ta ƙara wa mawaƙi abin da Allah bai ba shi ba. Mai kyakkyawar murya ta fito da shi, mai maƙaƙin maƙogwaro ma ba ta rufa masa asiri. Babbar falalarta a wurina ita ce na saurare ta a ƙasa-ƙasa kuma na ji. Na manta rabon da in ji wani abu ba tare da maƙwabta sun ji shi tare da ni ba. A ranar na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Da na koma na ba Ashafa labari, dariya ya yi.

"Malam Tijjani, ai ba ku ji komai ba tukuna. Irin wannan sai ta gasu. Ku bar ta a kunne tana ta waƙa, wata guda ko fiye, kada a kashe. Kuma don Allah kada ku haɗa ta da sitabilaiza, dagula mata murya yake yi. Ku soka ta a bango kai tsaye. Ranar da ta gama buɗewa, ko numfashin mahaifinku sai kun ji."

Na kuwa ga alamar gaskiyarsa, don kullum muryar ƙara sakewa take yi. Shi ya sa na ɗaga wa garayar Baba ƙafa. Na ce ba zan shigar da mahaifina ɗakin da ba a gama share shi ba. Na naɗe filashinsa a hankici na sa a aljihun gaba, ina jiran ranar da Baƙuwa za ta cika.

Game da ajalinta, duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san layin wutarmu ɗaya ne da na masana'antu. Duk mako wutar tana zuwa mana a gajiye, ƙwan fitila kamar garwashi, sai ranar Juma'a. Da an kashe manyan injina an tafi masallaci, wutar da suke sha gaba ɗaya sai ta kwararo gidajenmu. Saboda haka matan unguwa da sun ji kiran farko suke bin bango suna zare firji da fanka, ko amaryar da aka kawo jiya ta san wannan. Juma'o'in da Baƙuwa ta yi a gidanmu duk babu wuta, sai wannan. Safiyatu ta zare komai, ta kai hannu kanta, na ce a bar ta, gasuwa take yi, na saɓa dardumata na fita. Kada wanda ya ga laifin Safiyatu.

Ita ce kaɗai a kanta lokacin da rai ya yi halinsa. Ta ce marigayiya tana tsakiyar baiti ta yi fat, 'yar fitilarta ta mutu, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta. An garzaya da ita Dakata wurin Zakariyya mai gyara. Ya kwance ta, ya sunsuna, ya mayar da murfin a hankali.

"Baba, sai haƙuri. Abin da ya ƙone a cikin nan ko a Legas ba a samun sa."

Ta rasu ta bar lasifika biyu tagwaye, suna tsaye a inda ta bar su sun zuba wa bango ido. Ta bar rimot wanda ko ledarsa ba a cire ba, da wata waya mai kaurin igiyar guga wadda ba ta shiga jikin komai a gidan nan. Ta kuma bar ni.

Washegari na kwance hankicin na sa an juye garayar a wayata, na manna ta a kunnen dama. Shuuu ɗin nan dai nake ji. Safiyatu tana zaune can bakin ƙofa tana tsince shinkafa, sai na ga ta ɗago kai tana murmushi.

"Ji, Baban Mubina, ji. Wani ya faɗi wata magana, Baba ya tsayar da kiɗan yana dariya."

Na ce mata e, na ji. Ban ji ba. Ban ma taɓa sanin akwai dariyarsa a cikin kaset ɗin ba.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar bayan la'asar a gidana da ke bayan tsohuwar masaƙa. Za a naɗe ta a ledarta, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, a ɗora ta saman wadirof. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba za a sayar da gawa a kan sikeli ba. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ba a buƙatar kowa ya zo da komai, ba a kuma buƙatar mai cewa da ma an sa sitabilaiza.

Roƙona ɗaya ne. Idan akwai sauran dattijo a ƙauyukan Kumbotso da ya halarci gayyar nan, ko ya san muryoyin mutanen lokacin, ya taimaka ya zo ya saurara, ya faɗa min wa ya yi maganar, da abin da ya ce har Baba ya ajiye garaya. In ya zo ya zauna ta hannun damana, ya matso kusa, ya ɗaga murya. Kuma don Allah kada ya bari sai baɗi.