Ranar da Nani Ta Ce Tana So

"...lafiya lau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ashe kina nan kina cinye mana shinkafa?"

Ƙanena Tuhin ke nan, ya iso daga Dhaka jiƙe sharkaf, ya faɗa kan tabarma. Ranar muka dafa kifin ilish na farko a daminar, ƙwansa kuwa yanka ɗaya tal. Kakarmu, Nani Amirun, ba abin da take ƙauna kamar ƙwan nan. Amma a garinmu Chandpur tsohuwar kirki ba ta cewa tana son abu. Sai an miƙa ta ƙi, an sake ta ƙi, a na uku a zuba mata tana kare faranti da hannu.

"Angon banza, ko tsaraba babu. Dubi yadda birni ya tsotse ka kamar ƙwallon mangwaro."

"Amarya, ga ƙwai."

"A'a, na ƙoshi."

"To madalla." Ya ɗora shi kan shinkafarsa.

Wallahi idonta ya bi hannun nan har ya sauka.

"Kai! Sau ɗaya ake tayi a gidan ubanka?"

"Ni miji ne mai yarda da maganar matarsa."

"Kakanka sai ya yi mini tayi sau biyar."

"Shi ya sa ya riga ki tafiya, gajiya ce."

"Ja'iri! Ƙwan nan ɓata maka ciki zai yi. Tausayinka nake ji."

"Da me ma za ki tauna? Haƙori biyu?"

"Uku ne, kuma sun ishi kunnenka!"

"To buɗe baki ki ce kina so, in ba ki."

Shekara sittin Nani tana cin abin da maza suka rage, ban taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba. Ni kam sai na ji tausayinta ya kama ni. Shi kuwa mara kunyar ya ɗaga ƙwan a hankali, ya wangale baki.

Ta ja bakin zanen sari da ta yafa ta rufe fuska.

"Ina so, ɗan nema! Ina so! Da yankan cikin nan mai kitse, da romon duka!"

Tuhin ya kwashe da dariya har da ƙwarewa, ya juye mata kwanon gaba ɗaya. Ta cinye tas, ta lashe yatsu, ta dube ni.

"Ashe ba a mutuwa in an faɗa. Ke Shefali, gobe ma ina so."