Ranar da Na Goya Kififiya

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da ruwan Tiga ya janye, har inda muke wanki ya koma taɓo. Kifi ya bi ruwa ya tafi, amma kififiya, kunkurun ruwan nan mai laushin baya, da yawansu suka maƙale. Rana ta gasa su, baya ya tsattsage, ido ya kumbura, ko motsi ba sa yi.

Sarkin Ruwa, shugaban masuntanmu, ya sa aka yi shela: kowa ya fito da daro da buhu a mayar da su ruwa, kada wanda ya yanka ko ɗaya, ƙwai ne fal cikinsu. Kai, ranar gari ya tashi! Masunta, matan aure, Fulanin da suka kawo shanu shan ruwa, har ma'aikatan dam da takalmansu na roba.

Sarkin Ruwa na ta bayani, wai a jiƙa buhu a lulluɓe kififiya, a kamo ta ta baya, a sa a daro, mutum biyu su ɗauka. Ni ban tsaya ji ba. Ni fa ungozoma ce. Rabin mutanen da ke wurin ni na yanke musu cibiya (har shi Sarkin Ruwan, kuma ya sani). Wa zai koya mini ɗaukar marar lafiya?

Na hango wata ƙatuwa can gefe ta langaɓe, numfashi da ƙyar. Asabe taubashiyata ta ce, “Ke tsohuwa, bari a kawo daro.”

Na ce, “Kafin daronku ya zo ta mutu. Ɗora mini ita.”

Na duƙa, ta ɗora mini ita da jiƙaƙƙen buhunta, na ja mayafina na ɗaure tamau. Goyo sosai, irin wanda na yi wa ’ya’yan gari. Na miƙe na ratsa taro, mata na guɗa, ni kuwa ina taku ɗai-ɗai don kowa ya gani. Har ina ɗan jijjiga ta (Allah na tuba).

Ashe sanyin buhu ya farfaɗo da ita. Ashe kuma wuyan kififiya ya kai kamu guda in ta miƙe shi. Ban ankara ba sai ji na yi caraf a kunnena na dama!

Ihun da na yi, an ce shanun Fulani sai da suka watse. Na yi tsalle, na juya, na sake juyawa, abu na bayana ina zan guje masa? Asabe ta faɗi zaune a taɓo tana cewa, “Lallashe ta mana, nono take nema!”

Sarkin Ruwa ya ɗaga murya, “Iya, kada ki ja! Ba ta saki sai ta ji ruwa. Shiga ruwa!”

Ni da ke sallar nafila a zaune saboda gwiwa, ranar na tsere wa samari. Na faɗa ruwa har wuya, na kwance mayafi, na nutsa. Ta saki kunnen, ta yi gaba abinta, ɗankwalina na biye da ita.

Na ɗago kai, ga gari duka a bakin ruwa, ga kaina a waje, ɗan gashin da ya rage bai isa kitso ba. Kuma wa ke tsaye gabana cikin kwalekwale? Malam Habu, mijin ’yata ta fari, wanda tun aurensu ban yarda mun haɗa ido ba. Bawan Allah ya kau da fuska, ya tsamo buhun kififiyar ya miƙo mini. Da shi na rufe kai har gida.

Kififiyar dai ta rayu, masunta sun ce suna ganinta wajen duwatsu. Ni kuma har yau in na shiga gidan suna, sai Asabe ta ce a ɓoye jariri, ga mai goyon kififiya. Yanzu in ana bayani nakan tsaya in saurara, da kunnen hagu, shi ya rage mai lafiya.