Ranar da aka kusa yi wa bindigar Mahmud sallar gawa

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Alhamis a Sharafiyya ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar ba za su bar ni ba.

Ni direba ne, shekarata goma sha huɗu a Jidda, kuma in faɗa muku gaskiya tun yanzu, matsoraci ne ni. Abin da ya fi firgita ni a duniya bai wuce in ji an ce "kawo iƙama" ba. Iƙamata, wato katin izinin zama, lafiyarta ƙalau, amma duk sanda na hango motar 'yan sanda sai na shafa aljihu sau uku. Na ga yadda ake ɗora mutum a jirgi a kan ƙaramin kuskure, ya bar mata da yara suna kallon ƙofa.

To, mai irin wannan zuciyar ne ya yi wa ɗansa alkawarin bindiga.

Mahmud, ɗana na fari, shekararsa goma sha ɗaya. Yakan bi ni gidan hutun kafilina, wato ubangidan da nake wa tuƙi, a Abhur, inda yaran gidan suke harbin gwangwani da bindigar iska, wadda a nan ake kira saktun. Shi dai sai ya tsaya gefe yana haɗiye yawu. Wata rana na ce masa in ya haddace izu goma zan saya masa tasa (na ɗauka zai shekara biyu, yaron nan ya gama a wata biyar). Da na kai wa kafili kukana, dariya ya yi. Ya ce zai kira mai shago a rubuta takarda da sunansa, bindigar kuma ta zauna a Abhur, Mahmud ya riƙa harbi a gaban manya. Nawa kawai in je in zaɓo in kawo.

Na tafi ni kaɗai don in yi wa yaron bazata. Uwarsa ta auna min hannunsa da zare yana barci, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na ƙulle zaren na sa a aljihu. Mai shagon, Usman, Bahaushen Sudan ne, mutum mai haƙuri. Na gaya masa shekarun yaron da zancen zaren. Na nuna wata doguwa baƙa mai madubi a sama, don kada a raina ni.

Ya ce, "Ya Abu Mahmud, wannan ta fi ƙarfin yaro. Ko karya bakinta ya ɗana ba zai iya ba. Ina zaren?"

Ya ɗora zaren a gindin wata gajera mai katako, ya yi daidai da kunamar. Ya nuna min makullin da ke hana ta tashi, ya ce ba ta da nauyi kuma ba ta da ƙarfin da zai wuce gwangwani, ya haɗa min da gilashin kare ido da ɗan gwangwanin harsashi, ƙanana kamar ƙwayar gero. Sannan ya ce bari ya gwada min. Ya harba cikin wani akwatin yashi, ta ce "tas", ni kuwa sai ga ni a durƙushe bayan kanta. (Na ce masa takalmina nake gyarawa. Silifa ce a ƙafata.)

Ya saka ta a jakarta mai soso, ya zura a kwali, ya manna takardar a jikin kwalin, ya ce, "Halas, mabruk."

Sai da na fito titi na ga matsalar. Hoton bindiga ne ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, tsawonsa ya kai rabin tsayina, motar kuma na ajiye ta can nesa saboda cunkoson Sharafiyya. Na ga kamar duk wanda ya wuce ni yana shirin ɗaga waya ya kira 'yan sanda. A cikin ledar da ke hannuna akwai haramina guda biyu da na karɓo daga wanki bayan Umra. Nan dabara ta zo min, irin dabarar da ba ta zuwa sai ga wanda tsoro ya cinye wa hankali. Na shiga wani lungu, na zare jakar, na jefa kwalin a babban kwandon shara, na naɗe jakar da fararen haramin nan tsaf. Don kada ya warware na ɗaure shi da igiya a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa. Na rungumo shi a kan hannuwana biyu, na fito ina tafiya a hankali, fuskata jiƙe da gumi.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane abin da na yi kama da shi. Ni ban gane ba.

Na lura dai mutane suna ba ni hanya. Wani mai shayi ya miƙe tsaye. Wani ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, shi ke nan, sun gane bindiga ce. Ina karya kwana sai ga motar sintiri a tsaye, daidai lokacin da ake tayar da sallar la'asar. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna suka shige masallaci. Na lallaɓa na kwantar da ƙunshin a jikin bango ta gaba, na shiga sahu. Wanda ya tsaya a damana, kafaɗa da kafaɗa, ɗan sandan motar nan ne. Har yau ban san abin da na karanta a raka'o'in nan huɗu ba.

Ana sallamewa Baba Haruna ya rarrafo wurina. Dattijo ne haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, ya san ni ya san iyalina, kuma ba ya ganin abin alheri ya wuce shi. Ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya waladi, ɗana, ka ɗauko shi kai kaɗai, ba ka gaya wa kowa ba? Mu ba 'yan'uwanka ba ne?"

Na buɗe baki, na dubi ɗan sanda, na rufe. Baba Haruna ya ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana, ya je ya yi wa liman raɗa. Liman ya waiwayo ya tambaye ni da Larabci, cikin tausayi, namiji ne ko mace.

Jama'a, na ce namiji.

Wallahi ban san daga ina kalmar ta fito ba. Aka ɗauko ƙunshin da ladabi aka shimfiɗe a gaban liman. Ladan ya sanar da sallar gawa ta yaro. Mutanen da suka fara fita suka dawo, aka daidaita sahu, ɗan sandan da kansa ya kama kafaɗata ya matsar da ni gaba. Ina ganin jirgi, ina ganin Mahmud da uwarsa a bakin ƙofa. Amma da liman ya gyara tsayuwa zai ɗaga hannu, sai wani tsoron da ya fi wancan ya taso min, domin ɗan sanda iyakarsa ya mayar da ni Kano, wannan ƙaryar kuwa a ɗakin Allah nake yin ta.

Na ce da ƙarfi, "Ya Shaikh, a dakata! Bindiga ce!"

Sahun farko ya watse. Wani ya bar takalminsa. Ɗan sandan ya durƙusa ya kwance igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe harami, ya zuge jaka, ya ɗago 'yar bindigar katako da gilashinta yana lilo. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Iƙama." Na miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Takardar wannan fa?"

Sai a lokacin na tuna inda takardar take.

Haka aka rako ni, ɗan sanda a gaba, Baba Haruna da rabin masallaci a baya, har lungun nan. Na tattare jallabiyata na haye kwandon shara, na tono kwalin daga ƙarƙashin ɓawon kankana. Ɗan sandan ya karanta takardar, ya kira kafilina, na ji dariyar kafili tana fitowa daga wayar tun daga inda nake tsaye. Ya miƙo min iƙamata, yana cije leɓe, ya ce da na riƙo kwalin a fili da ko kallona ba zai yi ba. "Yalla, ka kai wa marigayin kayansa."

Ban ƙarasa mota ba wayata ta yi ƙara. Matata ce, tana haki. "Abu Mahmud, mata uku sun kira ni suna min ta'aziyya! Ga yaron nan a gabana yana cin shinkafa. Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa, Hajiya. Mutuncina ne."

Mahmud ya ji daɗin bindigarsa, ta zauna masa daidai a kafaɗa, kuma ranar farko ya kayar da gwangwani shida a Abhur, ni ina can bayan mota ina toshe kunne. Baba Haruna ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Yanzu ya huce, sai dai duk inda muka haɗu, ko a cikin taro ne, sai ya dafa ni ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?"

Abin da na koya shi ne, kayan da ke da takarda a bar shi a kwalinsa. In kuma tsoro ya matsa maka lallai sai ka naɗe, to don girman Allah ka nemi zane mai launi.