Jawabin da Na Shirya wa Kujerar Wata

Ba zan taɓa mantawa da taron da aka yi a asibitinmu na Doha ana tsakiyar gasar kofin duniya ba. Har yau in na zo wucewa ta ƙofar zauren nan sai na ƙara sauri.

Ni likitan jarirai ne, mutumin Zariya. Sashenmu na jariran da suka sha wuya wajen haihuwa ne, waɗanda iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsu da wuri ba. Mukan sanyaya jikinsu na 'yan kwanaki, mu manna musu wayoyi a ka, mu zuba wa na'ura ido ko jijjiga za ta taso. Da korona ta shigo, Baturen da ke shugabancin sashen ya tattara ya koma ƙasarsu, aka ce in yi riƙon ƙwarya. Na riƙe. Ni ne tsara aiki, ni ne koyar da ɗalibai, ni ne mai yi wa uwar da aka killace bayanin ɗan da ba ta taɓa runguma ba. A lokacin mahaifina ya rasu. Babu jirgi, a waya na ji an kai shi.

Da annoba ta lafa aka ce za a cike kujerar, kuma da muƙamin farfesa a makarantar likitanci take tafe. Na nema, aka yi mini intabiyu. Wata rana darakta ya tare ni a baranda, ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce, "Dakta, ranar Laraba za mu sanar. Ka shirya ɗan jawabi, khalas?" Wato "shi ke nan" da Larabci.

Ban tambaye shi jawabin me ba. (Mutum ya dafa ka yana murmushi, me ya rage na tambaya?) Na koma gida unguwar Bin Mahmud na faɗa wa matata Hajara, na ce sirri ne. Kafin magariba kawuna ya kira daga Zariya yana ce mini Farfesa.

Ranar Laraba na sha babbar riga. Hajara ta zauna a baya, waya a hannu, dangi duka suna kallo ta bidiyo. A layin gaba na tarar da wata baƙuwa, farar mace mai furfura. Na gaishe ta cikin isa, na ce in tana buƙatar wani abu a sashena ta yi mini magana. Ta yi godiya.

Darakta ya hau dandamali ya fara yabo da Turanci, bai ce mace ko namiji ba: mutumin da ya ba da rayuwarsa ga ƙwaƙwalwar jarirai, malami, mai bincike, wanda ya tsaya daram lokacin annoba. Ina jin "annoba" na miƙe. Na saɓa riga, na kama hanya. Sista Rifkatu, wata nas 'yar Jos da muka sha wahalar korona tare, ta rangaɗa guɗa. Ina kan matakala, na riga na miƙa hannu, ya faɗi sunan.

Sunan baƙuwar nan ne. Daga Kanada aka ɗauko ta.

Darakta ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce, "Ga Dakta ma ya matsu ya yi mata maraba. Yalla, taho." Ya miƙo mini makirfo. Ashe jawabin maraba ake nufi.

Kaina ya ɗauke wuta. Na buɗe takardata na karanta layin farko yadda na rubuta shi: "Na sani sarai ban cancanci wannan kujera ba, akwai waɗanda suka fi ni." Aka tafa. Darakta har da gyaɗa kai. Layi na biyu godiya ce ga matata, sai na naɗe takardar, na ce barka da zuwa, na sauko.

A mota mun daɗe cikin cunkoson masu zuwa kallon ƙwallo a filin Al Thumama. Can Hajara ta ce, "Baban Amira, Hajiyarka na tambaya daga Zariya ko a fasa yanka ragon walimar."

Na ce, "A yanka. Ai an riga an gayyato mutane."

Washegari ni na zagaya da sabuwar shugaba, na nuna mata jarirai ɗaya bayan ɗaya. Ta san aikinta, kuma tana da kirki (wannan ya fi komai ci mini rai, ko dalilin tsanarta ban samu ba). Ni kuwa aka ba ni allon yabo na katako da sunan mataimaki.

Abin da na koya shi ne, kada ka rubuta tawali'u a takarda sai ka shirya a yarda da kai.